Muryar da ke Cikin Aljihu

Bayan azahar aka shigo da kwalayen, guda uku. Madina na bakin ɗakin girki tana tsane shinkafa ta gan su, ta kuwa san abin da irin wannan kwali yake jawowa gidan da ke da budurwa.

Babban sai da ƙarti biyu suka kama shi suna nishi. Anwar na biye da su cikin shadda mai maiƙo, makullin mota a yatsa, yana ta faɗin "a hankali, a hankali" kamar majinyaci aka ɗauko. Ɗan wani attajiri ne na Kongolam, wata biyar ke nan yana zarya a gidan saboda Madina. A faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Illarsa ɗaya, ba ya iya yin alheri sai ya tsaya ya kalli kansa yana yi.

Inna Kulu ta fito daga ɗakinta tana jan ƙafar hagu, wadda ba ta ƙara komawa daidai ba tun ciwon da ya kayar da ita bara waccan. Anwar ya durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, talabijin ce. Wannan ƙaramin akwatin intanet ne, duk abin da ke cikin waya shi zai jawo shi ya fito da shi a bango. Wannan dogon kuma sifika ce. Wallahi in kika ga hoton sai kin ɗauka mutum zai fito ya gaishe ki."

"Ni da ba kallo nake yi ba, Anwar, me zan yi da wannan uban kaya?"

Ya sassauta murya. "Ai ba don fim na kawo ba, Hajiya. Don Musaddiq na kawo."



Musaddiq yayan Madina ne, shi kaɗai ne ɗa namiji a wajen Inna. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa a hanyar Mai'adua, ranar kasuwa, da rana tsaka, babur ya shige ƙarƙashin wata babbar mota da ke tsaye a gefen titi. Su biyu ne a kan babur ɗin. Na biyun, amininsa Harisu, ya tashi da ƙarfe a ƙafa, kuma tun a gadon asibiti ya ce shi ke tuƙi.

Harisu kuwa shi ne wanda Madina ke so tun kafin ta san sunan abin.

Abin da ya rage wa Inna na ɗanta wani ɗan bidiyo ne na minti huɗu, wanda ya ɗauka da kansa a bakin kasuwar ya sa a shafinsa kai tsaye, jim kaɗan kafin su hau. Kullum sai ta kalle shi a ƙaramar wayarta mai fasasshen gilashi. Fuskar ba ta fi kan babban yatsa ba, sautin kuwa kamar ƙuda a kwalba. A ƙarshensa Musaddiq ya jefa wayar a aljihun gaba bai kashe ba, hoto ya koma duhu, sai ƙugin kasuwa da wata 'yar ƙunƙuni da ba a gane ta, har sabis ya ɗauke.

Wannan ƙunƙunin ita ke riƙe da Inna a duniya. Ta ce addu'ar hawa abin hawa ce. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ta kara masa wayar a kunne ta ce, "Ji nan. Ɗana da ambaton Allah ya hau, da shi ya tafi." Yaron da ya sauke Alƙur'ani yana ɗan sha huɗu, wa zai yi mata musu?

Anwar ya naɗe hannun riga ya shiga falo, wai shi zai haɗa da kansa. Ya yi awa guda yana zufa. Da ya samu abin ya kama, mutanen da suka fito a bangon duk fuskarsu kore-kore ce, baki ya gama motsi sannan magana ta biyo baya a guje. Ya juya rimot sama, ya juya ƙasa, ya buga shi a tafin hannu. A ƙarshe ya fito yana share goshi.

"Sai mai aikin, Hajiya. Na kira shagon Oga Hyginus, ya ce duk Daura mutum ɗaya ne ya iya saita irin wannan, yanzu zai turo shi."

Ya faɗa yana kallon gefen da Madina take. Ya san sarai wa za a turo. Shekara tara Harisu yana aiki a shagon Hyginus, Inyamurin nan mai sayar da kayan wuta da ya fi wasu 'yan gari jin Hausa.

Inna ta juya ta shige ɗaki, Madina ta ajiye matsami ta bi ta.

"Inna, don Allah a hana shi. Ba aiki ya kira shi ba, so yake ya wulaƙanta shi a gabanmu."

"Wulaƙanci?" Inna ta zauna a bakin gado da ƙyar. "Har akwai wulaƙancin da ya kai a kawo miki ɗanki a naɗe?"

"Ƙaddara ce, Inna. Ke kika koya mana."

"Na sani. Ban yi jayayya da Ubangiji ba, ban kai kowa kotu ba. Kawunki Lawal ya ce a yafe, na ce na yafe a tsakanina da Allah. Amma in zauna ina kallon hannun da ya riƙe kan babur ɗin nan yana ɗaukar jikokina? Madina, ba zan iya ba."

Hawaye suka cika idon Madina. "Shekara biyu ina jira ki huce."

"To daina jira." Inna ta dube ta. "Ban ce dole sai Anwar ba. Ke ba yarinya ba ce, malamar asibiti ce ke, shekararki ashirin da shida. Kawo mini mai turin ruwa, wallahi zan sa albarka. Amma wannan, sai bayan raina. In kuwa kin matsu, ba nisa, ke kike auna jinina kullum da safe, kin fi kowa sani."

Madina ta toshe baki ta fita. Gaskiya ne, ta fi kowa sani. Yau da safe ma da ta ga lambar sai da ta sake aunawa.

Ba a jima ba aka yi sallama a zaure. Muryar kawai ta ji, ta gane ko wane ne.

Harisu ya shigo da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana ɗingishi, idonsa a ƙasa. Ya rame. Rabonsa da tsakar gidan nan tun ranar sadakar uku, gidan da a da har ɗakin girki yake shiga ya buɗe tukunya. Ya durƙusa daga nesa da ƙofar Inna.

"Ina wuni, Inna."

Daga bayan labule aka amsa sallamar, don wajibi ce, amma gaisuwar aka bar masa abarsa. Can sai muryar ta fito a bushe.

"Wanda ke ce mini Inna a maza yana makabarta."

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya."

Anwar ya tare shi da fara'a har kunne, ya ba shi hannu, ya ja shi falo yana nuna masa kaya ɗaya bayan ɗaya kamar Harisu bai taɓa ganin talabijin ba. Madina na jin su ta taga.

"Maigida, a yi mana aiki mai kyau. So nake Hajiya ta ga ɗanta tangaran, ta ji shi tangaran. Na tura maka bidiyon a waya. Ko da yake kai ai ka san shi."

"Na san shi."

"Yawwa. Bari in je in ɗauko Kawu Lawal, da shi za a buɗe. Kafin la'asar ka gama ko?"

Motarsa ta tashi. Gidan ya rage daga Inna a ɗakinta sai Harisu a falo, sai Madina da ke tsaye a tsakiya ta rasa inda za ta sa kanta.

Duk fushin da ake yi da mutum, ba a barin mai aiki a gida babu ruwa. Da wannan ta kafa hujja a ranta. Ta ɗauraye kofin silba ta cika daga randa, ta gyara mayafi, ta nufi falo.

Ya riga ya kafa talabijin ɗin a bango, ta cinye kusan rabinsa. Yana tsugunne a gabanta da rimot, yana rage wannan yana ƙara wancan, har koren nan ya bar fuskokin mutane suka dawo kalar 'yan Adam. Ya sauya wata igiya, ya danna wani wuri, baki da magana suka haɗu. Madina ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon bayan wuyansa, tausayinsa ya kama ta har ta ji haushin kanta.

Bai san tana nan ba. Ɗabi'arsa ce, Oga Hyginus ya koya masa, ba ya miƙa aiki sai ya gwada shi da ainihin abin da mai gida zai riƙa kallo. Ya daɗe yana riƙe da rimot ɗin kafin ya danna.

Sai ga Musaddiq.

Ga shi nan da girmansa, yana dariya, ga tabon da ke haɓarsa na faɗuwa daga bishiyar mangwaro, ga zaren da ya zare a wuyan rigarsa. Bayansa buhunan gero da jakuna da masu rawani. Yana cewa a gaida mutanen Daura, ga su nan tafe. Muryarsa ta cika ɗakin kamar daga bayan kujera take fitowa.

Harisu ya rage sautin don kada ya kai ɗakin Inna. Ya shiga wani wuri a saitin sifikar, wurin da ke danne hayaniya ya ɗago maganar mutum sama, ya kunna shi. Nan take ƙugin kasuwar ya ja baya kamar an rufe masa ƙofa.

Hoton ya karkata, ya koma duhun aljihu. Wurin addu'ar ya zo.

"Ba ni makullin, Musaddiq."

Muryar Harisu ce, tsaf, kalma bayan kalma.

"Babur ɗin wa?" Wannan ta Musaddiq ce, amma a jaye, harshe a nauyaye.

"Ka shanye kwalba guda, idonka ko buɗuwa ba ya yi. Don girman Allah ba ni in ja mu."

"Hau, ko in bar ka a nan. Kuma wallahi ka gaya wa Inna, ni da kai har abada."

Babur ya yi ƙara. Sabis ya ɗauke.

Kofin ya kuɓuce, ruwa ya malale a kan leda. Harisu ya waiwayo a firgice, ya ganta, fuskarsa ta zama kamar ta wanda aka kama da sata.

Madina ta san wannan nauyin harshen. Kowane mako sai an kawo musu samari asibiti da shi, 'yan maganin tari, iyayensu na biye suna rantsuwa ɗansu ko sigari ba ya sha.

"Musaddiq ke tuƙi," ta ce.

"Madina, rage murya."

"Yaya Harisu, shi ke tuƙi!"

"Don Allah. Inna tana ji."

Ta shigo ta jingina da bango. Hawaye na zuba, ba ta ko share su ba.

"Shekara biyu. Shekara biyu ana nuna ka da baki a garin nan. An hana ka ni. Ni kaina, wallahi akwai ranakun da na kwanta ina tambayar Allah me ya sa ka yi gudu da ɗan'uwana. Ashe kai a baya kake. Me ya sa? Me na yi maka da za ka bar ni cikin wannan?"

Ya zauna dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafar mai ƙarfe.

"Ban san za a taɓa jin sa ba. Na saurara a waya ya fi sau ɗari, ba a jin komai. Wannan na'urar ce ta tono shi."

"Ba shi na tambaye ka ba."

"A asibiti Inna ta shigo ba ko ɗankwali," ya ce a hankali. "Ta kama gadon da nake, ta ce, Harisu, wa ke tuƙi? Madina, hanya miƙaƙƙiya ce, rana tsaka, motar a tsaye take. In na ce shi ne, tambaya ta gaba ita ce yaya aka yi bai gan ta ba. Kwalbar tana aljihun wandonsa, da hannuna na ja jiki na cire ta na wurga a daji kafin mutane su iso. Sai na ce ni ne. Na ɗauka za ta yi fushi wata ɗaya, wata biyu, ta haƙura."

"Tun yaushe yake sha?"

"Tun da ya rasa aikin nan na Katsina. Wata bakwai ina fama da shi a ɓoye."

"Ka ɓoye mana."

"Na ɓoye. Kuma na hau bayansa, alhali na fi shi ƙarfi, da na murɗe hannunsa na ƙwace makullin da yanzu yana nan yana jin haushina. Kin ga ashe ba ƙarya ce gaba ɗaya na yi ba. Da hannuna a ciki."

"Kada ka ƙara faɗin haka!" Ta dafe ƙirji. "Yanzu zan kira ta. Ta zo ta ji da kunnenta. Yau za a wanke ka, yau Kawu zai ji, yau Anwar zai kwashi kwalayensa."

Ta juya za ta fita.

"Nawa jininta ya kai yau da safe?"

Ta tsaya cak.

"Oga Hyginus ya ce mini ya ganki a kantin magani shekaranjiya, an sauya mata ƙwaya zuwa mai ƙarfi. Nawa ya kai?"

Kukan da take dannewa ya ƙwace.

"Ba ta da komai sai addu'ar nan, Madina. Ita take ci, ita take sha. In kika karɓe ta, me za ki ba ta a madadinta? Ni? Ta kalle ni ta tuna ɗanta a buge ya mutu, da sunanta a bakinsa yana cewa a ɓoye mata?"

"To ni fa? Ni ba mutum ba ce? Kowa ka tausaya masa, mamaci ka rufa masa asiri, Inna ka rufa mata, ni kaɗai ka ga zan iya ɗauka?"

Idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai.

"Ke ce kaɗai ban san yadda zan yi da ke ba. Wallahi ina son ki, ban taɓa fasawa ba ko na yini ɗaya. Na iya saita hoto, na iya saita sauti. Wannan ban iya ba."

Aka kira sallar la'asar a masallacin unguwa. Ya share fuska da hannun riga, ya ɗauki rimot. Tana kallo ya kashe wurin nan mai ɗago murya, ya mayar da sifikar kan saitin da ke kumbura ƙugi da rugugi, irin wanda samari ke so don finafinan faɗa. Ya mayar da bidiyon wurin aljihu. Kasuwa ta dawo da hayaniyarta, babura, jakuna, iska, can ƙasa 'yar ƙunƙunin nan da ba a gane ta.

Sannan ya kulle saitin da lamba huɗu. Ya yagi gefen kwali, ya rubuta lambar da biro, ya ajiye a hannun kujera kusa da ita.

"Ban da ikon yanke miki hukunci. Uwarki ce, yayanki ne. In kin sa lambar nan, kika kunna na uku a jerin saitin, kowa zai ji abin da kika ji. In kin kunna, ba zan musa ba. In kin bari, ba zan taɓa ganin laifinki ba."

Ta ɗauki guntun kwalin ta dunƙule shi a hannu.

Bayan sallah falon ya cika. Kawu Lawal, ƙanin marigayi mahaifinta kuma waliyyinta, ya zauna a babbar kujera yana ta "ikon Allah, ikon Allah" tun ba a kunna ba. Anwar ya tsaya a gefen talabijin ɗin kamar shi ya ƙera ta. Inna ta shigo a ƙarshe, Madina na riƙe da hannunta. Harisu ya koma bakin ƙofa ta waje da jakarsa, inda mai aiki ke tsayawa har a ce aiki ya yi.

Anwar ya danna.

Inna ta yi wata ƙara da Madina ba ta taɓa jin irinta ba. Ta saki hannunta, ta ja ƙafa har gaban bangon, ta ɗora tafinta a kan kumatun ɗanta.

"Musaddiq. Ɗan nan. Lawal, dubi tabonsa! Wallahi har na manta a wane gefe yake."

Kawu ya cire hula ya rufe fuska da ita.

"Dubi idonsa yadda ya yi ja," Inna ta ce tana kuka tana murmushi. "Rashin barci ne. Yaron nan ba ya barci, kullum yana kan buzu."

Madina ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Ita ma yanzu ta ga idon, ta ga yadda fatar idon ta sauko rabi. Ƙaramar waya ta rufa masa asiri shekara biyu, bangon nan bai san rufin asiri ba.

Hoton ya karkata, ya yi duhu. Rugugin kasuwa ya cika ɗakin har gilashin taga na rawa. Inna ta kara kunnenta a jikin sifikar.

"Ga ta nan, ga addu'ar. Anwar, ka ce zan ji shi tangaran. Fito mini da ita in ji da bakinsa sau ɗaya kafin in mutu."

"Yanzu kuwa, Hajiya. Akwai wurin da ke fito da murya, mai kantin ya nuna mini." Ya danna, ya sake dannawa, ya yamutsa fuska. "Wai sai an sa lamba. Kai maigida, wace lamba ka sa?"

Daga bakin ƙofa Harisu ya ce, "Na ba masu gida."

Anwar ya miƙa wa Madina rimot ɗin. Kowa ya juyo yana kallonta.

Guntun kwalin na cikin tafinta na hagu, ya jiƙe da zufa. Ba ta ma bukatar dubawa, lambar ta zauna mata a ka. Lamba huɗu, sannan na uku a jerin. Ta ɗaga ido ta ga Harisu a tsaye a kan ƙafarsa mai lafiya, kansa a sunkuye. Ta ga Inna a durƙushe a gaban sifika, jijiyar wuyanta na bugawa a fili, bakinta har ya fara motsi da addu'ar, tana jiran ɗanta ya kama su karanta tare.

Son Harisu ya taso mata. Ba ta taɓa son sa kamar wannan lokacin ba.

"Mun gwada ɗazu, Inna," ta ce. "Iyakarsa ke nan. Wurin ba ya ƙara komai."

"Amma ke kin ji? Da kuka gwada, kin ji?"

"Na ji."

"Ita ce ko?"

"Ita ce, Inna. Addu'ar ce. Har ƙarshe ya karanta."

Inna ta kifa goshinta a ƙasa tana hamdala, kafaɗunta na girgiza. Da ta ɗago, fuskarta ta yi wani haske da Madina ta manta tana da shi. Ta kamo hannun Anwar da hannu biyu.

"Ka dawo mini da ɗana cikin ɗakina. Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Ta juya wajen Kawu. "Lawal, in ita ta amince, ka ce wa mutanen Kongolam su turo ranar Juma'a."

Kawu ya dubi Madina. "Kin ji uwarki. Me kika ce?"

Ba ta ce komai ba. Hawaye kawai ke sauka. Kawu ya gyaɗa kai ya ce alhamdulillahi, don a wajensu shirun budurwa amsa ce.

"A sallami mai gyaran," in ji Inna, ba ta ko waiwaya ba. "A ce masa aiki ya yi."

Babu wanda ya tashi sallamarsa, don ya riga ya juya. Madina na jin takunsa a tsakar gida, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi, har ya shige zaure. Ya yi sallama a can, ba wanda ya amsa sai ita, a cikin ranta.

Inna ta gyara zama a kan leda, dab da bangon, ta jawo carbinta.

"Madina, ke za ki riƙe abin nan, ni ban iya ba. Kullum bayan la'asar ki riƙa kunna mini. Zo ki zauna kusa da ni."

Ta zo ta zauna, rimot a hannun dama, guntun kwali a na hagu.

"Mayar mini da shi farko," in ji Inna.

Madina ta mayar.